Idan Salga Ta Cika Ko Ta Yi Ambaliya

Kowane gida mai salga yana da tambayoyi biyu da ke jiransa. Ta farko: idan ruwan sama ya shiga ramin har ya tumbatsa, me za a yi? Ta biyu: idan ramin ya cika bayan shekaru, ina za a kai abin da ke ciki? Mutane da yawa suna jin kunyar wannan magana. Amma a asibiti muna ganin sakamakonta kowace damina: yara masu gudawa, manya masu zazzaɓin taifot, wani lokaci kuma kwalara ta shiga ƙauye guda.

An rubuta wannan darasi don a karanta shi a gida, a taron mata, ko a wurin jiran ganin likita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Abin da ke cikin ramin

Bayan gida ba ya ɓacewa don ya shiga rami. Ruwansa yana tsotsewa cikin ƙasa, sauran kuma ya kwanta ya zama baƙar laka mai kauri. Ita ce za mu riƙa kira lakar salga. Mutum ɗaya yakan tara wajen lita 50 na lakar nan a shekara. Gida mai mutum 8 ke nan yana tara wajen lita 400, wato duro biyu, kowace shekara. Ramin da faɗinsa mita 1 ne ta kowane gefe, zurfinsa mita 3, zai yi musu kamar shekara 6 kafin ya cika.

A cikin lakar akwai abubuwan da ido ba ya gani. Akwai ƙwayoyin cutar kwalara, da taifot, da atuni, da shan inna, da irin ciwon shawara da ake ɗauka ta ruwan sha. Akwai kuma ƙwan tsutsar ciki. Macen macijin ciki guda ɗaya tana saka ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya. Ƙwan yana da ɓawo mai tauri, yana iya zama da rai cikin ƙasa mai laima har shekaru. Muddin waɗannan abubuwa suna cikin rami a rufe, ba su da hanyar zuwa bakin kowa. Hanyar tana buɗuwa ne a lokaci biyu: ranar da ramin ya yi ambaliya, da ranar da aka kwashe shi.

2. Abin da ya faru a birnin Landan

Kada wani ya ce wannan matsalar talaka ce ko ta ƙauye. Manyan biranen duniya sun sha wahalarta, kuma abin da suka koya zai amfane mu.

A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, babban birnin Ingila. Mutum fiye da 600 suka mutu, yawancinsu cikin 'yan kwanaki. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambaya inda mamatan suke ɗiban ruwa. Ya tarar yawancinsu famfo ɗaya suke sha, na titin Broad. Ya roƙi shugabannin unguwar, suka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona, sai aka ga rijiyar famfon tana dab da wani tsohon ramin ƙazanta da ke yoyo, tsakaninsu bai kai mita 1 ba. A cikin ramin ne wata uwa ta riƙa zubar da ruwan wankin tsumman jaririyarta mai gudawa.

Bayan shekara 4, a 1858, warin kogin Tems da ya ratsa birnin ya kai har 'yan majalisar ƙasa sun kasa zama lafiya a zaurensu. Sai aka ba wani injiniya mai suna Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, don su kwashe ƙazantar birnin zuwa nesa. Aikin ya ceci rayuka masu yawa. Amma ya bar matsala biyu.

Ta farko ita ce ambaliya. Bututu ɗaya ne yake ɗaukar ruwan salga da ruwan sama tare. In an yi ruwa mai ƙarfi, bututun ya cika. Don kada ƙazantar ta koma cikin ɗakunan mutane, sai aka bar ƙofofi da za ta riƙa fita ta faɗa kogi ba tare da an tace ta ba. Da birnin ya ƙaru har ya kai mutum wajen miliyan 9, ko ruwa kaɗan aka yi sai ƙofofin su zubar. Sai a shekarar 2025 aka gama haɗa wani babban rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin. Aikinsa shi ne ya tare ambaliyar, ya riƙe ta, har matata ta sami sararin tace ta.

Ta biyu ita ce laka. Shekara da shekaru ana loda lakar birnin a jiragen ruwa ana zubarwa a teku. Ba a daina ba sai a 1998.

Ku lura, tambayoyin nan biyu na Landan su ne namu: ambaliya da laka.

3. Yadda matatar ƙazamin ruwa take aiki

Matata ita ce wurin da magudanan birni suke ƙarewa. Aikinta mataki mataki ne.

Da fari ruwan yana bi ta ragar ƙarfe, wadda take tare leda, tsumma da kwalabe. Sai ya wuce wurin da yashi da tsakuwa suke kwantawa. Daga nan ya shiga manyan tankuna ya tsaya shiru na 'yan awoyi, kamar yadda mace take ajiye ruwan tafki a randa har ya kwanta. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ne laka. Ruwan da ke sama kuma a kai shi wasu tankuna inda ake hura masa iska, don ƙananan halittu masu amfani su cinye sauran dattin. Sai an sake kwantar da shi kafin a sake shi zuwa kogi.

Lakar ba a zubar da ita ɗanya. A manyan matatu ana rufe ta cikin tanki mai ɗumi kamar ɗumin jikin mutum, ta yi wajen mako 3 tana ruɓewa. Tana fitar da iskar gas da ake iya kunna wuta da ita. A ƙasashe masu rana kamar namu, hanya mai sauƙi ita ce shanya. Ana yin fage mai shimfiɗar tsakuwa da yashi, a zuba lakar a kai, ruwan ya tsane ta ƙasa, rana ta busar da sauran. Bayan ta bushe ma ana ajiye ta watanni, ko a haɗa ta da shara mai ruɓewa ta yi zafi, kafin a yarda ta je gona.

Don maganin ambaliya kuma, sababbin unguwanni suna raba bututu biyu: na ruwan sama dabam, na salga dabam. Matatu da yawa suna da tankin ajiya da ke karɓar rarar ruwa har hadari ya wuce.

Duk wannan aiki mai tsada ya tsaya a kan ƙa'ida biyu. Ɗaya, a raba ruwan sama da ƙazanta. Biyu, a ba laka lokaci da wurin da aka keɓe kafin ta taɓa hannu, ko ruwa, ko abinci. Ƙa'idodin nan ba su bukatar inji. Mai gida da shebur ɗinsa yana iya cika su.

4. Halin da muke ciki

A Kamaru yawancin gidaje, har na cikin birane, ba su haɗe da magudanar ƙarƙashin ƙasa ba. Rami ne kowa yake da shi. A Yawunde an daɗe motocin zuƙe salga suna juye kayansu a fili a Nomayos, bayan gari. A 2021 ne aka buɗe matatar laka a Etoa don motocin su riƙa kai wa can. Ƙauyuka ba su da mota, ba su da matata. Saboda haka kowane gida shi ne matatar kansa.

Mun san abin da sakaci yake jawowa. A 2010 kwalara ta fara daga jihar Arewa Mai Nisa ta bazu. Kafin shekarar ta ƙare, fiye da mutum 10,000 sun kamu a ƙasar, fiye da 600 sun mutu. Cutar ta fi ƙarfi ne a tsakiyar damina, lokacin da ruwa yake haɗa salga da rijiya.

5. Yadda za a hana ambaliya

Rigakafi ya fi magani. Aikin nan na rani ne, kafin ruwan farko.

1. Ku haƙa salga nesa da rijiya, taki 40 na babban mutum, wato mita 30 ko fiye. Ta kasance a gangare da rijiyar, don ruwa ya bi ya yi nesa da ita.
2. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1 da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. Ku duba rijiyar unguwa a watan Agusta, za ku san inda ruwan yake tsayawa.
3. A wuri mai fadama ko kusa da kogi, kada ku zurfafa ramin. Ku ɗaga shi sama da ginin bulo, ku yi matakala.
4. Ku ɗaga bakin salga ya fi tsakar gida tudu, ku daɓe kewayensa da ƙasa mai gangara.
5. Ku yi mata rufi, ko da na zana ne ko na ciyawa. Indararo kada ya zuba kusa da ita.
6. Ku ja 'yar kwata a bayanta don ruwan sama ya kewaye.
7. Ruwan wanka da na wanki su sami nasu ramin dabam mai tsakuwa. Su ne suke saurin cika salga.
8. Kada a jefa leda, kwalba, tsumma ko batir. Ba sa ruɓewa. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai. Suna kashe ƙananan halittun da ke rage lakar, kuma suna bi ta ƙasa su ɓata rijiya.
9. Ku riƙa auna ramin da dogon kara. In saura rabin mita ya cika, wato kamu ɗaya, ku daina shiga.

Akwai wata al'ada da ya kamata a faɗe ta a fili. Wasu suna jiran dare mai ruwa, su fasa gefen salga don ruwan sama ya tafi da abin da ke ciki. Da safe ramin ya ragu, ba a biya kowa ko sisi ba. Amma ƙazantar ba ta tafi ko'ina ba. Tana cikin lungun da yara suke wasa, da rijiyar maƙwabci, da tafkin da ake wanke kwanuka. Kuɗin da aka ƙi ba mai kwasa, a asibiti za a biya shi, wani lokaci kuma da ran yaro. Mai unguwa da dattawa su sa doka a kan wannan.

6. In ta riga ta yi ambaliya

1. Ku fara janye yara, kaji da awaki daga wurin. Kowa ya sa takalmi, domin akwai tsutsar da take shiga ta tafin ƙafa ta sha jini.
2. A rufe salgar. A haƙa ƙaramin rami a wuri mai tudu don amfanin 'yan kwanaki, kowa ya rufe nasa da ƙasa. Kada a koma daji ko bakin rafi.
3. In ruwan ya janye, a barbaɗa toka da busasshiyar ƙasa a kan abin da ya rage, a kwashe da shebur, a binne.
4. A wanke daɓe, tabarmi da kwanukan da ruwan ya taɓa da sabulu, a bi da ruwan jabel da aka surka yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a shanya a rana. Kada a haɗa jabel da wani maganin wanki, haɗin yana fid da iska mai guba.
5. Abincin da ruwan ya taɓa, a zubar. Ganyen lambun da ruwan ya bi, kamar latas da kabeji, kada a ci shi ɗanye.
6. Ku ɗauka cewa kowace rijiya da ke kusa ta gurɓata, ko da ruwanta garai yake. A tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa ƙwayar Aquatabs bisa umarnin da ke jikin takardar, a jira minti 30.
7. Ku sanar da ma'aikatan lafiya na yankinku don su zo su sa wa rijiyar magani bayan an yashe ta.

7. Ramin ya cika: hanya uku

Hanya mafi kyau ga mai fili ita ce kada a kwashe sam. A cire murfin, a cika sauran rabin mitan da ƙasa, a haƙa sabon rami. Da damina a dasa itace a kan tsohon, kamar mangwaro, gwanda ko zogale. Itacen zai ci takin, 'ya'yansa kuma ba su da wata illa.

Hanya ta biyu ita ce rami biyu gefe da gefe. Ana amfani da ɗaya, ɗayan yana hutawa a rufe. In rami ya yi shekara 2 cur ba a ƙara masa kome ba, abin da ke ciki ya bushe, ya zama kamar baƙar ƙasa marar wari, ƙwayoyin cuta kuma sun mutu. Sai a kwashe shi, a koma masa. Ku rubuta watan da kuka rufe shi a bango da gawayi, don kada a yi gardamar lissafi.

Hanya ta uku ita ce kwasar ɗanyar laka, ga wanda ba shi da fili. Ita ce mai haɗari, saboda haka a bi waɗannan:

1. A yi aikin da rani.
2. A haƙa ramin binnewa tun kafin a buɗe salgar. Ya yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya, tafki da rafi, a wurin da ambaliya ba ta kaiwa.
3. A ɗauki lakar cikin duro mai murfi. Abin da ya zube a hanya a rufe shi da toka a kwashe nan take.
4. A rufe ramin a ranar da ƙasa mai kaurin rabin mita, don ƙuda, kare da alade kada su kai gare ta.
5. Masu aikin su sa dogayen takalman roba, safar hannu ta roba, da abin rufe hanci da baki. Ba ci, ba sha, ba goro har sai sun yi wanka da sabulu. Kayan aikin a wanke su a can, kada a kawo su bakin rijiya.
6. In mota kuka kira a gari, ku tambayi direban inda zai juye.

Masu wannan sana'a suna tsare lafiyar gari duka. Ku biya su haƙƙinsu, ku ba su ruwa da sabulu, kada ku bar yara su yi musu ba'a.

8. Iskar da ke kisa

Laka tana fid da iska iri biyu masu haɗari. Ɗaya tana kama wuta, don haka ba taba, ba ashana, ba fitilar kwai a bakin ramin. Ɗayar tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a gindin rami. In ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, sai kawai ya faɗi.

A buɗe ramin ya sha iska sosai kafin aiki. A yi amfani da guga da dogon shebur daga sama. In ya zama dole wani ya sauka, a ɗaura masa igiya a ƙirji, ƙarfafa biyu suna riƙe da ita a sama. In ya suma, a jawo shi da igiyar. Kada kowa ya faɗa ramin don ceto. Sau da yawa haka ne mutuwa ɗaya take zama biyu ko uku a gida ɗaya.

9. Laka a gona

Manomi ya san lakar salga taki ce mai ƙarfi. Gaskiya ne, amma sai wadda ta huta shekara 2. Ɗanya ba ta zuwa gona ko lambu. Ko wadda ta huta, a binne ta cikin ƙasa kafin shuka, a ba itatuwa, dawa, gero ko masara. Kada a sa wa abin da ake ci ɗanye ko wanda yake kwance a ƙasa. A sa takalmi, a wanke hannu bayan aiki.

10. In wani ya fara gudawa

Bayan ambaliya ku sa ido a kan kowa na mako biyu. Wanda ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. Na ƙunshi da ake samu a asibiti ya fi, a zuba ƙunshi ɗaya cikin lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yaro yana bukatar ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14.

Ku kawo shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, amai ba tsayawa, idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, jini a bayan gida, ko ya kasa sha. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi. Ku riƙa ba shi ruwan yana kurɓa a hanya. Bayan gidansa da amansa a zuba musu jabel kafin a kai salga. Na jariri ma haka, domin ba shi da bambanci da na babba wajen ɗaukar cuta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Taki nawa ne tsakanin salgarku da rijiyar da kuke sha? Ku je ku ƙirga yau.
2. In an yi ruwa, ina ruwan tsakar gidanku yake bi?
3. Saura nawa ramin ku ya cika? Wa zai auna?
4. Wane wuri ne unguwarku za ta keɓe don binne laka, kuma wa zai kai maganar wurin mai unguwa?
5. Waɗanne gidaje ne na tsofaffi ko gwauraye da ba su da mai haƙa musu sabon rami? Wace rana za ku yi musu gayya kafin ruwa ya sauka?